Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Noma na Jihar Kano: Shuɗiyar Dawa da Fumfunar Masarar Kudu

 

Duk wanda ya bar titin Zariya a Kwanar Ɗangora ya miƙi hanyar Tudun Wada a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ba sai an gaya masa kaka ta kama ba. Masara ce shanye a gefen kwalta, wata a kan tamfol, wata a ƙasa tsurarta. Can sai hadari ya haɗo daga gabas, yara su yi ta rige-rigen kwasa. A dura ta a buhu da sauran laimarta, a jingine a ɗaki. Bayan kwana goma, in aka zura hannu cikin buhun za a ji ɗumi, in aka kwance baki a tarar da wani gari-gari kore mai ratsin rawaya ya bi tsakanin ƙwayoyi. Uwargida ta ce ta yi fumfuna. Ta sheƙe, ta wanke, ta sake shanyawa, ta aika inji. Wadda ta fi ɓaci a watsa wa kaji.

A kan wannan fumfuna aka rubuto wasiƙar nan, da kuma a kan wani maganinta da ya fito daga ƙasar gonakin Najeriya, wanda ya haura shekara goma da samun rajista, amma har yau manomin Doguwa ya fi sanin sunan maganin ciyawa kala biyar a kan sunansa.

Ba a cikin buhu ta'adin yake farawa ba. Naman gwarin da ke haddasa shi, wanda masana ke kira Aspergillus flavus, a cikin ƙasar gona yake zaune, yana cin tsohon kara da ruɓaɓɓen ganye. Iska da ƙwari ke ɗaukar ƙurarsa su kai kan goyon masara. Idan ruwa ya ɗauke na wasu makonni shuka ta wahala, ko tsutsa ta huda goyo, ƙofa ta buɗe masa ke nan, kuma tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta ɓulla a Najeriya a 2016 ƙofofin suka ƙaru. Gyaɗa kuwa ba ta ma buƙatar iska, tunda 'ya'yanta a cikin ƙasar suke kwance tare da shi. Wasu nau'o'in wannan gwari suna fitar da guba da ake kira aflatoksin. Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, zafin tukunyar tuwo ba ya kashe ta. Ƙwayar da ido ya ga tas take tana iya ɗauke da ita. Ke nan wankin da uwargida ta yi ya tafi da ƙurar, ya bar abin da ya fi ƙurar illa.

Duniya ta san da zamanta ne a 1960, lokacin da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗar Barazil. A 2004 kuma aka ga abin da take yi wa mutum idan ta yi yawa: a gabashin Kenya, musamman yankunan Makueni da Kitui, mutum 317 suka kwanta bayan cin masarar gida, 125 suka rasu. Amma irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ba ita ce babbar fargabar Kano ba. Abin tsoro shi ne ɗan kaɗan-kaɗan da ke shiga ciki kullum, a koko, a tuwo, a kunun gyaɗa. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aflatoksin a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda mai girma Kwamishina ya san ba baƙuwa ba ce a arewa. Wani bincike da aka wallafa a 2002 kan yara a Benin da Togo ya nuna yaran da gubar ta fi yawa a jininsu sun fi tsumburewa. Saniyar da ta ci gurɓatacciyar dusa ma sai ta bayar da wani kaso a nononta.

Akwai wata al'ada a cinikin gyaɗa da ta cancanci a tsaya a kanta. Mace ta zauna da faifai tana tsince. Manyan ƙwayoyi masu sheƙi na ɗan kasuwa ne. Ƙanana, motsattsu, masu baƙin tabo, su ake warewa gefe a sayar da araha, su ne kuma sau da yawa ke komawa ga masu matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli. Gubar ba ta cika bin mai ba, tunkuza take bi. Ke nan mai kyau ta hau mota ta tafi, mai cutar ta zama ƙarago a aljihun ɗan makaranta, ko yajin da aka barbaɗa wa tsire. Ba laifin matan ba ne. Ba wanda ya taɓa gaya musu.

Ta fuskar kasuwa ma asara ce. Tarayyar Turai ba ta yarda gyaɗar ci ta wuce maikirogiram 4 na aflatoksin a kilo ɗaya ba. In aka mayar da lissafin irin na kasuwar Dawanau, giram 4 ne a buhu 10,000 masu kilo ɗari-ɗari. Jihar da aka san ta da dalar gyaɗa, ya kamata wannan lamba ta dame ta.

To, ina mafita? Fesa maganin kashe gwari a kan kowace gonar masara daga Bebeji zuwa bakin dajin Falgore ba abu ne mai yiwuwa ba, kuma ba a saba ganin ya yi maganin wannan guba yadda ake so ba. Dabarar da ta yi aiki ta ɗauki wata hanya, wadda a gaskiya ba ta kamata ta ba Bahaushe mamaki ba. Bafulatana in za ta haɗa kindirmo, ɗan tsohon nono take zubawa a sabuwar madara, ƙwayoyin kirki su riga na banza kama wuri, madara ta yi barci maimakon ta lalace. Mai daddawa ta rufe dafaffiyar kalwa kwana biyu zuwa uku, wasu ƙananan halittu dangin Bacillus su yi mata aiki, kuma daga wannan dangin ne ake yin wasu magungunan kare shuka da ake sayarwa a Turai da Amurka. Manomin da ya tuge gyaɗa ko waken suya ya ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa, ya fasa ɗaya da farce ya ga cikinsa ja-ja, gidan wasu halittun ya fasa, masu jawo taki daga iska su ba shuka. Ƙasar gona cike take da irin waɗannan, masu amfani da masu ɓarna, suna ta kokawar neman wuri da abinci.

Wani masani a ma'aikatar noman Amurka, Peter Cotty, shi ya lura cewa a cikin dangin gwarin nan akwai waɗanda ba sa iya yin guba ko kaɗan. Ya ce me zai hana a yawaita su a gona su cinye wuri kafin masu gubar su farga? Aka gwada a gonakin audugar Arizona, abin ya yi, har aka yi wa nau'in da ake kira AF36 rajista a 2003. Daga nan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ta hannun masaninta Ranajit Bandyopadhyay, ta haɗa hannu da su Cotty. Ba ta ɗauko na Arizona ba. Ta bi gonakin Najeriya ta tattaro dubban samfura, ta tace, ta zaɓi nau'i huɗu 'yan gida marasa guba. Su aka haɗa aka kira Aflasafe. Hukumar NAFDAC ta ba shi cikakkiyar rajista a 2014, aka kafa masana'antarsa a harabar IITA, daga baya aka ba kamfanin Harvestfield lasisin yi da rarrabawa. Senegal da Burkina Faso da Ghana duk sun samu nasu daga tasu ƙasar, Kenya ma ta gina masana'anta a Katumani, a yankin da masifar 2004 ta faɗa wa.

Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka wani ruwa ne a kwalba. Dawa ce. An gasa ta don kada ta tsiro, aka lulluɓe ta da ƙurar gwarin kirki, aka rina ta shuɗiya don kada wani ya kai ta inji. Kilo 10 ake watsa wa hekta ɗaya, wajen kwano huɗu ke nan, da hannu, yadda ake watsa taki, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fid da fure. Sharaɗin shi ne a gama noma da huɗa tukuna, domin a saman ƙasa ake so ƙwayar ta zauna, in aka binne ta an yi asara. Da ta sha laima, cikin 'yan kwanaki sai ka ga kowace ƙwaya ta yi gashi kore a gindin masara. Manomin da ba a yi wa bayani ba zai ce an zuba masa cuta a gona, kuma ba a ga laifinsa ba, don kamanninsu ɗaya da mai gubar. Wannan koren ne zai tashi ya hau goyo ya kama wuri. Yakan kuma bi amfanin har rumbu, shi ya sa kariyar ba ta ƙarewa ranar girbi. Gwaje-gwajen shekaru a gonakin manoma a Najeriya sun nuna gubar na raguwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye, a masara da gyaɗa.

Me ya sa, in haka ne, bai cika kasuwannin Kiru da Tudun Wada ba?

Amsar tana wurin manomi, kuma lissafinsa daidai yake. Taki in ya zuba, yana ganin ganye ya yi baƙi, yana ƙirga ƙarin buhu. Maganin ciyawa ya rage masa kuɗin 'yan ƙwadago. Shuɗiyar dawa ba ta ƙara masa ko kwano ɗaya. Ya kai masararsa kasuwa, dillali ya soka buhu, ya ciji ƙwaya ya ji ko ta bushe, ya yi mata kuɗi ɗaya da ta maƙwabcinsa da bai zuba komai ba. Wa zai kashe kuɗi a watan Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aljihu ya bushe, a kan abin da ba mai gani balle ya biya? Tsutsar Sharon da ta cinye tumatir a 2016 kowa ya gan ta, shi ya sa aka yi ta kururuwa. Wannan ba ta da hoton da za a nuna a talabijin.

An taɓa gwada warware wannan ƙulli. Tsakanin 2013 da 2019 shirin AgResults ya riƙa biyan ladan dala 18.75 a kan kowane tan na masarar da gwaji ya tabbatar an noma ta da Aflasafe. Ba manomi ɗaya-ɗaya ake ba kuɗin ba, masu haɗa kan manoma su tattara amfaninsu ake ba. Su kuma suka nemo masu saye da ke auna guba, wato kamfanonin abinci da masu haɗa abincin kaji, waɗanda suka san asarar da gurɓatacciyar masara ke jawo musu a ƙwai da nama. Inda aka samu mai saye da ke biyan tsabta, manoma sun watsa. Darasin a fili yake, kuma nan ne hannun gwamnatin jiha ya fi na kowa tsawo.

Gwamnati da kanta babbar mai sayen hatsi ce. Tana ciyar da makarantun kwana, tana sayen abincin tallafi da na azumi. Da mai girma Kwamishina zai shawo kan takwarorinsa a majalisar zartarwa a sa sharaɗi cewa masarar da za a dafa wa ɗaliban kwana sai an auna ta, a kuma fifita ta ƙungiyoyin manoman da suka watsa shuɗiyar dawa da ɗan ƙarin farashi, da kasuwar ta kafu ba tare da an jira wani ɗan agaji daga waje ba. Awon ba ya buƙatar babban ɗakin bincike. Akwai ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa a ruwan garin da aka niƙa, ya ba da amsa cikin mintuna. Tebur ɗaya da ma'aikaci biyu a kasuwar Tudun Wada da ta Kwanar Ɗangora lokacin kaka, da wani a Dawanau, sun isa a fara raba masara gida biyu, kowace da farashinta.

Sai kuma batun isar da kayan. Jihar na da KNARDA da malaman gonarta, tana da KASCO mai harkar taki da kayan noma, ta kuma ga yadda shirin KSADP, da kuɗin Bankin Musulunci da haɗin gwiwar ƙungiyar Sasakawa, ya yi aiki da gonakin gwaji a ƙananan hukumomi. Hanyar a shimfiɗe take. Abin da ake roƙo shi ne kwano huɗun nan ya zama wani ɓangare na ƙunshin da ake ba mai hekta ɗaya na masara a kudancin jihar, tare da iri da taki, kuma malamin gona ya tsaya a gonar ranar watsawa. Me ya sa kudu? Domin nan ne rumbun masarar Kano, nan ne ruwa ya fi yawa ya fi daɗewa, har a girbe ana tsoron hadari. Doguwa da Tudun Wada kaɗai sun isa a fara da su a ga abin da zai fito.

Wata gaskiya da ya kamata a faɗa ko ba daɗi: wannan kaya mai rai ne. Buhun taki zai iya kwana a sito wata shida ana jiran ranar da babban baƙo zai samu sukunin zuwa bikin ƙaddamarwa, ya fito lafiya lau. Wannan in ya jiƙe ko ya gasu a ƙarƙashin rufin kwano, ko ya iso bayan masara ta yi goyo, dawa mai launi kawai aka raba wa mutane. Manomin da ya gwada sau ɗaya bai ga komai ba kuwa, ba ya sake saurara, kuma zai gaya wa duk majalisarsu. Haka nan kada malamin gona ya bar mutane da zaton an sauke musu nauyin shanya. Tamfol, da busarwa har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori, da ɗora buhu a kan katako nesa da bango, da tsince ruɓaɓɓu a binne su maimakon ba kaji, duk suna nan daram.

Maganar ba ta tsaya a masara da gyaɗa ba. Ruwan madatsar Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, daga ƙasar Bebeji yake gangarawa ya raya noman rani har Kadawa. Mai renon tumatir ko tattasai a can ya san safiyar da zai zo ya tarar bedi ya yi faci-faci, 'yan shuke-shuken sun ruɓe a gindi sun kwanta. Ya san kuma tumatirin da ke yin yaushi da rana tsaka alhali ƙasa a jiƙe take, a tsaga karan a ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Yawancin wannan aikin gwarin cikin ƙasa ne, ruwan ban-ruwa kuma na ɗaukarsa daga wannan fage zuwa wancan. Feshin ganye ba ya kai wa gare shi, amma haka za a yi ta feshi. Tun 1932 wani masani mai suna Weindling ya nuna akwai gwarin ƙasa, Trichoderma, da ke naɗe jikin masu cutar ya narkar da su. A Indiya ya zama kayan shago, ana cuɗa giram 4 da kilo ɗaya na iri kafin shuka, ko a gauraya shi da ruɓaɓɓen takin gida a zuba a bedin reno. Yana son takin gida, kuma maganin kashe gwari mai ƙarfi ba ya tambayar wane ne na kirki, don haka sai an koya wa manomi abin da ba a haɗawa.

Nan ma darasin Aflasafe ya dace a bi, wato ɗan gida ya fi baƙo jure zafin gida. Nau'in da aka raino a ƙasar sanyi ba lallai ya rayu a ƙasar Bebeji a watan Maris ba. Masana ba su yi wa Kano nisa ba. Ga Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero, ga jami'ar Wudil, ga tashar IITA a cikin birni da gonarta a Minjibir, ga cibiyar binciken noma ta Samaru. Masanan Samarun ne ma suka zaƙulo wani gwarin ƙasa mai kashe wuta-wuta, kuma irin wannan dabara na cikin abin da shirin yaƙi da wuta-wuta na ISMA ya gwada a Kano da Bauchi daga 2011. Ɗan kuɗi kaɗan daga kasafin ma'aikata, a ce wa waɗannan cibiyoyi su tono nau'o'in Trichoderma daga gonakin jihar su gwada su rani biyu a gonakin manoma, ya fi tarin takardun bita amfani.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Ranar da manoma suka fara neman kayan, ranar 'yan jabu za su fara rina dawa da shuni. Ido ba zai bambance ba, domin abin da ke aiki a jikin ƙwayar ba a ganinsa. Haka kwalaben da za a rubuta wa "takin halitta" alhali ruwan banza ne. Rajista aikin NAFDAC ne, amma sanin dilan da aka yarda da su a kowace ƙaramar hukuma, da sanar da sunayensu a rediyo, da ɗaukar samfur daga shago lokaci-lokaci a kai jami'a a ga ko akwai rai a ciki, wannan ma'aikatar jiha za ta iya.

Allah ya taimaki mai girma Kwamishina, ga lissafin kwanakin. Masarar da aka shuka a Doguwa tsakiyar Yuni takan fid da fure wajen tsakiyar Agusta. Ke nan ranar watsawa tana cikin makon ƙarshe na Yuli. Kafin nan sai kaya sun sauka a Tudun Wada da Riruwai a farkon watan, malaman gona sun samu horo a Mayu, an kuma aika wa masana'anta da yawan abin da ake so tun Maris, domin ba a tara irin wannan kaya a jira mai saye. Takardar da za ta sa duk wannan ya motsa, kafin ƙarshen Fabrairu ya kamata ta bar teburin mai girma Kwamishina.

Wassalam.

Daga wani mai bibiyar harkar noma a Kano ta Kudu.